Ranar da Muka Fita Neman Gulbi

Ranar Laraba da hantsi Inna ta shigo ɗakina, ta zauna a bakin gado, ta miƙe ƙafarta mai ciwon gwiwa, ta tsaya tana kallon Gazali yana tsotso yana harbin iska da ƙafa ɗaya.

"Wanga ƙato ya isa yaye," in ji ta. "Jumma'a zan ɗauke mijina. Na riga na aika ma Malam ya yi rubutu."

Inna ita ce mahaifiyar maigidana, Sirajo. Gazali kuwa ɗanmu ne na fari, watansa ashirin da biyu, kuma tun ran suna kakarsa ta ce mijinta ne, ba ta kiran shi da komai sai Maigida. Yayen bai ɗaga mani hankali ba. Yaron ya yi haƙora, kuma ya gano amfaninsu. Abin da ya ɗaga mani hankali shi ne ɗan goran da Inna ta ciro daga cikin zanenta ta ajiye kusa da ni.

"Gobe ki ɗebo mani ruwan."

A wajenmu in za a yaye yaro, malami yakan rubuta ayoyi a allo, a wanke, a ba shi ya sha don ya yi haƙurin rabuwa da nono. To, su Sirajo ƴan gidan Sarkin Rafi ne, kuma a gidansu ba a wanke allon yaye da ruwan rijiya, balle na famfo. Sai ruwan gulbi, wato hannun Gulbin Kaba da ya ratsa ta bayan garinmu. Wai yaron da ya sha shi, ko Agadas ya kai, sai ya dawo gida. Sirajo ya sha, ubansa ya sha, kakansa ya sha.

Ni kuwa na san gulbin nan. Duk sati sai na tsallake shi in za ni kasuwa, gefen gyale a hanci. Kuma a daminar nan da ta wuce Gazali ya yi gudawa kwana tara, biyu daga ciki a asibitin garinmu ana ƙara mashi ruwa, idanunsa sun faɗa, ko kuka ba ya iyawa. Ranar da aka sallame mu na yi ma kaina alkawari, ba abin da zai sake shiga cikin yaron nan sai na san inda ya fito.

Sai dai ba ni da bakin faɗa, saboda ɗan fari ne. A gaban surukai ban isa in kama sunansa ba, ban isa in nuna ya dame ni ba. In ya faɗi a tsakar gida ya kurje gwiwa, sai in kau da kai in ci gaba da tankaɗe, har wani ya zo ya ɗaga shi. Da haka ake gane ɗiyar gidan mutunci. Ranar da za a kawo ni daga Tasawa, uwata ta fi ja mani kunne a kan wannan fiye da a kan girki.

Da azahar na sami Sirajo a bayan rumbu yana ɗaurin dammunan hatsi.

"Ka ji abin da Inna ta ce?"

"Na ji."

"To?"

"To me? Ni ma na sha, ga ni nan, damina talatin da ɗaya."

"Gulbin da ka sha ba shi ne wanga ba. Kai yanzu kana iya kurɓar shi?"

Ya ɗaure igiya, ya kwance, ya sake ɗaurewa ba dalili. "Ki gaya mata mana."

"Ni? A kan ɗan fari?"

"To ni a wurina ɗan auta ne?"

Muka tsaya muna kallon juna, manya biyu, kowa kunya ta ɗaure mashi baki. Sai ya rage murya ya ce in cika goran a famfo in yi shiru, wa zai sani? Na riga shi yin wannan tunanin. Amma ayoyin Allah za a wanke da ruwan, ban so in haɗa su da ƙarya ba. Ban da haka ma, Inna mace ce da in ta kurɓi fura sai ta gaya maka gonar da aka noma hatsin.

Ina komawa madafa wani abu ya faɗo mani. Inna ta shekara bakwai ba ta ga gulbi ba. Tun da gwiwa ta kama ta, aka kuma kawo famfo har ƙofar gida, iyakarta gidan suna da gidan gaisuwa. Gulbin da ke cikin kanta na da ne. Don haka da la'asar na je na durƙusa a gabanta.

"Inna, ni baƙuwa ce. Ban san mashayar gidanku ba, kada in ɗebo a inda ba nan ba. In kin yarda sai in ɗaura ma jaki amalanke mu tahi tare, ki nuna mani."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ashe ku ƴan lakwal masu karatun boko ma kuna yin hankali wani lokaci."

Washegari bayan kalaci na shimfiɗa mata tabarma a kan amalanke. Ta goya Gazali da kanta, ta hau da ƙyar tana salati, ni kuma na riƙe igiya da sanda. Tun ba mu fita gari ba ta fara ba Maigidanta labari, da ƙarfi yadda zan ji. Wai ruwa yakan kwanta a gulbi har bayan an gama sussuka. Wai goruba takan yi duhu har ba ka hango mai zuwa sai ya yi gyaran murya. Ita da ƙawayenta da zane suke kama tarwaɗa, kuma in ka sha ruwan sau ɗaya ba ka ƙara marmarin nono.

"Tsaya nan," ta ce da muka gangara. "Nan ce Mashayar Mata."

Na tsai da jaki. Yanzu a wurin akwai gadar siminti da aka yi shekara biyar da suka wuce, wadda ta sa motar asibiti take iya shigowa da damina. Ruwa ya taru a ƙarƙashinta, ƴan kabu-kabu sun jera moto shida, wato baburansu, a ciki suna dirza su da garin sabulu. Shugabansu Cha'ibu jikan yayar Inna ne, magidanci mai ƴaƴa huɗu. Yana hango ta ya jefar da soso.

"A'a, amaryata ce ta hito? Kin yi sabon miji kin manta da ni!"

"Rufe mani baki, tsohon miji mara cefane. Me kuke yi ma ruwa haka?"

"Wanka muke ma dawakinmu."

Inna ta leƙa daga kan amalanke. Saman ruwan na ƙyalli, shuɗi da ja da ruwan ɗorawa suna juyawa a hankali.

"Wa ya yi rini a nan?"

"Baƙin man inji ne, Inna," na ce, kaina a ƙasa.

Ta harari Cha'ibu. "Duk faɗin garin nan ba ku sami wuri ba sai mashayar iyayenku?"

"Da a bakin famfo muke wanki," in ji shi. "Sai ƴan kwamitin mata suka kore mu, wai muna caɓa wuri, mu tahi gulbi. Wace ce ma shugabar kwamitin a lokacin? Wata tsohuwa ce mai sanda, bari in tuna." Ya ɗaga ido sama yana sosa ƙeya, sauran suna ta dariya.

"Asiya, kora jaki," in ji Inna.

Muka bi gefen gulbin muka yi sama. A bayan kasuwa ba ta ce in tsaya ba, ni ma ban tsaya ba, amma na bar jaki ya yi tafiyarsa ta ganin dama. Nan ne kwatar mahauta take gangarowa, kuma duk wata ƴar kaba da ta tsiro a bakin gaɓa ta yafa baƙar leda.

"Wa ya shanya tsummoki a kan kaba?"

"Leda ce, Inna."

"Iska ce ta kwaso su."

"Haka ne, Inna."

Sai ta ce lokacin da take yarinya rumfa goma sha biyu ce kasuwar, yanzu ga manyan motoci har daga Mayahi da Urafan. "Kasuwa ta yi albarka," ta faɗa, muryarta na fita ta cikin gefen mayafin da ta toshe hanci da shi.

Gaba kaɗan sai ramukan masu bulo. Daga nan aka ɗebi ƙasa da yashin da aka gina sababbin azuzuwan lakwal, da ɗakin haihuwa, da ɗakin Inna kanta wanda take fahariya da shi. Sun haƙe cikin gulbin ya zama rami bisa rami, kowanne da ruwa kwance a ciki, kore shar. Magina wajen goma suna ta aiki, babbansu Mahmudu yana tsaye a kan tarin yashi yana ba da umarni. Rana ta fara zafi, kuma ga alama Inna ta gaji da shan kaye.

"Ga shi nan!" ta ce. "Sauke ni."

Ta dogara sanda har bakin rami mafi girma, ta amsa gaisuwar Mahmudu, ta sa ɗan ƙoƙo ta kore koren gefe guda. "Wanga ai rigarsa ce. Ƙarƙashi garau yake." Ta ɗebo. Daga inda nake tsaye ina ganin ƴan tsutsotsi suna wutsil-wutsil a cikin ƙoƙon, ga sawun shanu da kashinsu har bakin ruwa, ga wani abu mai gashi ya kumbura a can ƙarshen ramin. Na ce a raina, bari ta cika goran, in mun koma gida na san dabarar da zan yi.

Sai Gazali ya ga ruwa. Ya miƙo hannu ta saman kafaɗarta yana cewa, "Wuwa, wuwa."

"Ƙishi kake ji, Maigida? Zo ka fara ɗanɗanawa tun yau." Ta kwance goyo, ta juyo da shi gaba, ta ɗaga ƙoƙon.

"Inna, kada ki ba ɗana!"

Ban san da irin wannan murya a cikina ba. Jakin ma sai da ya ɗaga kunne. Masu kwaɓa ƙasa suka tsaya da ƙafafu a cikin laka, wani ya saki bulo ya fashe.

"La'ilaha illallahu," in ji Mahmudu daga kan yashinsa. "Ba ɗan fari ba ne?"

"Shi ne," wani ya amsa mashi, kamar ba ya son labarin ya ƙare.

Inna ta juyo a hankali, ƙoƙo a hannu. "Ɗan wa?"

Na dubi ƙasa. Da ramin nan zai karɓe ni, da na shiga, da tsutsotsinsa da komai.

"Kunnena ne, ko na ji an ce ɗana?" Ta sunkuya ta dubi Gazali. "Maigida, ashe kana da uwa? Wata ashirin da biyu muna tare ba ka gaya mani ba?"

Magina suka fashe da dariya, har da mai riƙe ciki. Amma na lura ƙoƙon bai ƙara matsawa kusa da bakin yaron ba. Inna ta kai shi hancinta. Ta tsoma yatsa ta ɗora a harshe. Sai ta juya baya ta tofar, ta watsar da ruwan, ta goge ƙoƙon da zanenta.

"Dama nan ba mashayar gidanmu ba ce," ta ce da Mahmudu, kamar shi ya kawo ta. "Tamu tana Goruba Bakwai."

Da muka koma kan amalanke na ga tunda kunyar ta riga ta zube a gaban maza goma, ba sauran abin tattalawa. Ina kallon kunnuwan jaki na faɗi komai, kwana taran nan, da yadda fatar cikinsa take tsayawa in an ja ta, da abin da likita ta ce game da ruwa. Na ce ban raina al'adar gidansu ba, tsoro nake ji.

Inna ta zaunar da yaron a cinyarta. Ta buɗe butar ruwan da na taho da ita daga gida ta ba Gazali ya sha.

"Wa ya riƙe mashi hannu lokacin da ake neman jijiya?" ta ce. "Ke kina waje kina yi kamar ba naki ba. Ko kin manta?"

"Ban manta ba, Inna."

"To kora jaki. Kuma ki daina yi mani kuka a kan amalanke, mutane za su ce dukan ki na yi."

Goruba Bakwai tana da ɗan nisa da gari. Da muka isa na ƙirga, uku suka rage. A nan ba leda, ba wari, ba mai. Ruwa ne kawai babu. Farin yashi ne shimfiɗe, tsaf kamar an share. A gaɓa kuwa lambun ƙungiyar mata ne, zogale ya yi kore, an tayar da irin albasa da na shu, wato kabeji, ga faifan hasken rana a jere suna tuƙa injin jan ruwa.

Inna ba ta karaya ba. Ta taka har tsakiyar yashin, ta soka sandarta. "Nan. Ko da bazara, kamu ɗaya za ki tona ruwa ya biyo hannunki. Tona."

Na ɗaure gyale a ƙugu na durƙusa. Na tona da ƙoƙo, na tona da hannu. Na kai gwiwar hannu, yashi busasshe. Na kai kafaɗa, kumatuna a kan ƙasa, sai ɗan sanyi-sanyi a kan yatsu. Gazali ya zauna a gefe yana mayar mani da yashin da na fitar, da hannu bibbiyu, da iyakar gaskiyarsa.

"Ƙara kaɗan," in ji Inna. Amma muryarta ta sauka.

"Uwani! Me kika binne a nan tun kina budurwa?"

Wani tsoho ne ya leƙo ta saman shingen lambun, da malafa da guntun wando. Ƙadri ke nan, mai kula da injin lambun, kuma taubashin Inna, shi ya sa yake kama sunanta gatsau.

"Kai bawa, zo nan," in ji Inna. "Ina kuka kai gulbi?"

"Gulbi yana nan. Ƙasa ya sauka." Ya ƙetaro shinge ya leƙa ramina. "Sannu, ɗiyata. In kika ci gaba da haka, zuwa babbar salla kina isa."

Ya tsuguna ya ba mu labari. Rijiyar da ubansa ya haƙa a nan gaba biyu ce. Da shi ya karɓa sai da ya ƙara uku. Ranar da masu injin haƙa suka zo yi ma mata rijiyar lambu yana tsaye, yana kallon abin da ke fitowa. Yashin nan ne dai, fari, irin wanda ke hannuna, har gaba goma sha biyu, sannan ruwa ya ɓullo.

"Ruwan gulbi ne kwance a cikin yashinsa," in ji shi. "Injin nan, da na famfon gari, da na masu lambun da ke sama da mu, duk shi muke tsotso. Mu ma ba a yaye mu ba. Kowace shekara yana ƙara yin ƙasa, mu kuma muna ƙara bin shi da bututu."

"Ƙarya kake," in ji Inna.

"Zo ki ɗanɗana. In ƙarya ne ki aske mani gemu."

Muka bi shi cikin lambun har bakin famfon da ke kusa da injin. Ya murɗa. Inna ta wanke ƙoƙonta sau uku, ta tara, ta kuskure baki ta zubar. Sannan ta kurɓa ta riƙe a baki, ta rufe ido. Ni da Ƙadri muka tsaya muna kallon maƙogwaronta. Ban taɓa ganin an yi ma ruwa shari'a mai tsawo haka ba.

Ta haɗiye.

"Shi ne," ta ce a hankali. Ta sake kurɓa. "Ya ɗan yi ƙarfe-ƙarfe. Amma shi ne."

"To da wa kike tsammani?"

"Shekara bakwai yana ƙofar gidana," in ji ta, "ban gane shi ba. Ina shan shi ina kushe shi." Ta zauna a kan bakin kwamin albasa, ta dubi farin yashin da ke bayan shinge. "Mu muka roƙi famfon nan. Har Mayahi muka je, mu tara, a bayan mota. Ranar da ya kawo ruwa ni na fara guɗa. Ba wanda ya ce mani daga nan za a ɗauko shi."

"Da an gaya maki, da kin fasa?" in ji Ƙadri.

Ta yi tunani da gaske. "A'a. Tulu ya cinye mani wuya." Ta share ido da gefen mayafi, ta ce yashi ne ya faɗa mata.

Na miƙo goran da sauri kafin ta canza shawara. Ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Ruwan yaye a cikin gulbi ake ɗibar shi, ƙafa a kan yashinsa. Ba a cikin albasar mutane ba. Bawa, ja mani tiyo zuwa can."

Ƙadri ya yi gunaguni, amma ya ɗauko tiyon ban ruwa ya jona, ya ja shi ta ƙarƙashin shinge. Ni kuma hankalina ya sake tashi, don tiyon nan kullum a ƙasa yake kwance, cikin taki da kashin awaki, kuma Allah kaɗai Ya san abin da ya kwana a cikinsa. Ya ja, ya ja, tiyo ya miƙe ya tsaya. Saura taku biyar ya kai yashi.

"Ja mana!"

"In ja in tsinke? Ke za ki je ki yi ma matan ƙungiya bayani?"

"Tun kana yaro ba ka da ƙarfi."

"Ke kuma tun kina yarinya ba ki da haƙuri. Matso da gulbin naki kusa."

Suna cikin haka sai na ga Inna ta bar shi, tana duban gorubar da ta fi tsayi cikin ukun nan. Ta dube ta, ta juya ta dubi tudun da ke ƙetare, ta sake duban gorubar. Ta nuna ta da sanda.

"Waccan ba ita ce mai reshe biyu da muke ɗaure jakai ba?"

"Ita ce."

"Ai a bakin ruwa take."

"A da ba."

Gorubar tana can bayan lambun, ta wajen gari. Inna ta auna da ido daga gindinta zuwa inda muke. Albasa, da zogale, da injin, da famfon, duk suna tsakanin gorubar da yashin.

"Ƙadri," ta ce, "a ina na kusa nutsewa, shekarar da ka tsere ka bar ni?"

"Ban tsere ba, taimako na je nema." Ya waiga. Sai ya nuna ƙasa da haɓa, dab da ƙafar famfon. "Kamar nan ne."

"To ashe a tsakiyar gulbi nake zaune. Kun shuka albasa a cikin gulbi, marasa kunya." Ta tuɓe takalmanta, ta miƙe, ta kafa ƙafafu a jiƙaƙƙiyar ƙasar da ke gindin famfon. "Cire mani ƙazamin tiyon nan. Asiya, kawo goran."

Na ɗauraye goran sau uku, na wanke bakin famfon da kaina, na bar ruwan ya zuba ya zuba. Ta yi bisimilla ta tara, ya cika har ya tumbatsa, ta toshe. Na tsaya ina murza gefen gyale.

"Mene ne kuma?"

"Inna, in mun je gida, ko in ɗan tafasa shi?"

"Ki tafasa, ki soya ma in kina so. Ai yanzu duk masu bulo sun san yana da uwa."

Ran Jumma'a bayan an sauko daga masallaci aka kawo allo. Inna ta wanke shi da ruwan goran, tafasasshe, ya huce. Gazali ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya dubi kakarsa, sannan ya shanye ya miƙo ƙoƙo a ƙara mashi. Daga nan ta saɓa shi a kafaɗa ta wuce sashenta, aka ce kada ya sa ni a ido har kwana uku.

Rubutun bai hana shi kuka ba. Ya yi na yini ɗaya cur, ni ma na yi nawa a madafa na ce hayaƙi ne. Amma ba kukan nake saurare ba, cikinsa nake jira. Na ce ma Sirajo ya je ya duba mani yadda yaron yake fita bayan gida, ya ce shi a duniya ba a taɓa aiken shi irin wannan aike ba. Don haka na sami wani wuri a zanan da ya raba sashenmu da na Inna, na ɗan buɗa karan da yatsa. Safe da yamma, in na ji ta fito da shi bayan ɗaki, sai in ajiye abin da nake yi in je in kafa ido.

Ran kwana na uku da safe ina tsugune a wurin, sai na ga ido a cikin ramin yana kallon nawa.

"Ke mai ɗa," in ji Inna. "Kashinsa lafiya lau, da tauri kamar na ɗan akuya, kuma ya shanye mani fura. Tashi ki nemo kara ki toshe mani zana, kaji sun fara shigowa ta nan."